Darasi na 7: Hawa da Sauka a Gida ga Mai Lalura

A gidaje da yawa akwai wanda hawa matakala ya gagare shi. Wani tsufa ne, gwiwa ta ƙi. Wani ɓarin jikinsa ne ya shanye bayan hawan jini, wani kuma shan inna ce ta kama shi tun yana yaro, ko hatsarin mota ya taɓa masa laka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 16 cikin 100 na al'ummar duniya suna rayuwa da wata nakasa mai tsanani. Ke nan da wuya a sami dangin da babu irin wannan bawan Allah a cikinsu.

Abin da muka saba yi shi ne ɗauka. A kira samari biyu su cicciɓi Baba, ko a goya Inna a hau da ita. Niyyar mai kyau ce, amma akwai hatsari. Ƙafar mai ɗauka na iya zamewa su faɗo tare, kuma bayansa yana cin wuya. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: dattijon da ya rene ka ba ya jin daɗin a ce sai ya jira ka dawo daga kasuwa kafin ya fita shan iska. Da yawansu sukan haƙura su zauna a ɗaki wata da watanni don kada su ɗora wa kowa nauyi. Wannan zaman yana ƙara kashe jiki, yana kuma kawo ƙuncin zuciya.

Na'urorin da ake sa wa a gidan bene

Ta farko kujera ce da ke tafiya a kan dogon ƙarfe, kamar jirgin ƙasa a kan layinsa. Ana ɗaure ƙarfen a jikin matakala. Mutum ya zauna, ya ɗaura bel, ya danna maɓalli, kujera ta hau da shi a hankali. Idan ta kai sama ana juya ta, domin ya sauka yana fuskantar fili, bayansa ga ramin matakala. Yawancinsu suna ɗaukar nauyin kilo 120 ko sama da haka kaɗan, kuma ana rubuta adadin a jikinsu. Ta dace da wanda zai iya zama da kansa, ya kuma miƙe ko da da sanda ne. Idan matakalar miƙaƙƙiya ce, kuɗin yana da dama-dama. Idan tana da kwana, sai an ƙera ƙarfen daidai da ita, farashi kuwa ya tashi sosai.

Ta biyu faranti ne mai faɗi wanda keken mara lafiya ke hawa kansa gaba ɗaya, a rufe ƙyauren, ya ɗaga sama. Ta uku ita ce lif sosai, ƙaramin akwati mai ratsa rufin ɗakin ƙasa ya ɓulla a ɗakin sama. A kan wannan ta ukun ina roƙon ku da babbar murya: kada birkila ya sa guduma a dakin ɗin bene, wato simintin da ya raba ƙasa da sama, sai injiniyan gini ya zo ya duba. Rodin da ke cikin simintin nan shi ke riƙe da nauyin saman, yanke shi barkatai na iya jawo rushewa.

Haka kuma kada a yarda mai walda ya haɗa wani abu da igiya da injin jan kaya ya ce lif ne. Lif na gaskiya yana da birkin da ke kama shi idan igiya ta tsinke. A 1854 wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis ya hau irin wannan faranti a birnin New York, ya sa aka datse igiyar a gaban jama'a, birkin ya riƙe shi bai faɗo ba. Sai bayan haka mutane suka amince su sa ransu a ciki. Abin da ba shi da wannan birki na ɗaga bulo da yashi ne.

Maganar wuta

Duk mai zaune a garuruwanmu ya san halin wutar lantarki, don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: idan aka ɗauke wuta Baba yana tsakiyar hawa, me zai faru? Kujerun matakala da yawa da batir suke aiki, wutar gida caji kawai take yi musu, saboda haka suna iya hawa da sauka sau da dama bayan an ɗauke. Amma batirin da ya daɗe babu caji yakan mutu, ko da ana kula da shi ma sai an canza bayan 'yan shekaru. Gidan da ke da sola ya fi samun sauƙi. A tambaya kuma ko akwai hanyar sauko da na'urar da hannu, a sa mai sayarwa ya gwada a gaban mutanen gida har kowa ya iya.

Tambaya ta biyu: wa zai gyara, kuma a ina yake? Waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake shigo da su. Idan makanikin yana Legas kai kana Gusau, ƙaramin abu zai lalace a shafe makonni ana jira. A nemi a rubuta yarjejeniyar gyara a takarda. A riƙa duba na'urar aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma goge ƙarfen da busasshen tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. A cire makulli idan ba a amfani da ita, don yara za su mai da ita lilo. Ba a ɗora mata jarkar ruwa ko buhun shinkafa.

Idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ba a shiga lif. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fara tunanin sauko da mai lalura ɗakin ƙasa, kusa da banɗaki da ƙofar fita. Sau da yawa wannan ya fi sayen inji, kuma ba ya cin kuɗi. Sai dai a tambaye shi tukuna. A ce, "Baba, ɗakin ƙasa ko na sama, wanne ya fi maka?" Ɗakinsa ne, shi ya kamata ya yanke.

Gangare: aikin da kowa zai iya

Mafi yawanmu ba a bene muke ba. Abin da ke tare keke a gidajenmu shi ne dokin ƙofa, da tudun zaure, da kwatar ƙofar gida. Maganinsu gangaren siminti ne. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a a Najeriya shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Na cikin gida kuwa aikinmu ne.

Ga ƙa'idar awo: duk inci 1 na tsayin tudu, a ba shi ƙafa 1 na tsawon gangare. Tsayin bulo ɗaya inci 9 ne, saboda haka tudu mai tsayin bulo ɗaya yana buƙatar gangare mai ƙafa 9. Magina sukan gajarta shi don tattalin siminti. Kada ku yarda. Gangare mai tsini yana kifar da keke ta baya wajen hawa, yana kuma ƙwace shi daga hannun mai turawa wajen sauka. Faɗinsa kada ya gaza ƙafa 3. A bar fili shimfiɗaɗɗe kamar ƙafa 5 a bakin ƙofa, inda keke zai tsaya a buɗe ƙyaure. A yi ɗan baki a gefe da gefe don kada taya ta zame, a kafa ƙarfen dafawa. Kada a sa tayil mai santsi. Tun simintin yana ɗanye a ja tsintsiya a kansa ta kwance, ya yi kaushi, don damina.

Aikin gida

Ka ɗauki tef ka auna tsayin tudun ƙofar gidanku da inci, ka rubuta a littafinka. Gangare mai ƙafa nawa yake buƙata? Idan matakala 3 ne, kowace inci 6, nawa ne tsawon gangaren? Ka auna faɗin ƙofar banɗaki ma, ka ga ko ta kai inci 32, wanda shi ne mafi ƙarancin da keke ke wucewa cikin sauƙi. Ka zo da amsoshinka aji mai zuwa, za mu lissafa buhunan simintin tare.