Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa gasasshen burodi da bugaggiyar rikota

Na gaji da ganin hoto iri ɗaya. Sai yarinya ta turo min faranti, burodi ya jiƙe ya kwanta, wani farin ruwa na malala ta gefe, ta rubuta a ƙasa: "Anti, na bi duk yadda kika ce, amma ga yadda ya fito." Ba ki bi ba, ƙanwata. Da kin bi da ba mu zo nan ba. Abin nan idan rikotarki na hannu minti goma ya ishe ki, kuma daidai wannan saukin ne ke sa mutane raina shi har ya kunyata su gaban baƙi.

Ga wadda ba ta san shi ba, rikota wani farin cuku ne mai laushi na mutanen Italiya. Ma'anar sunan a harshensu ita ce "wadda aka sake dafawa", domin asalinta daga ruwan da ya rage ne bayan an cire cuku daga madara. Sai a mayar da ruwan nan kan wuta har ya kusa tafasa, sauran amfanin da ke cikinsa ya taso sama fari fat, a kwashe a zuba a kwando ya tsane. A yankin Roma da ruwan madarar tumaki ake yin tasu, a Kamfaniya akwai ta ɓauna, mutanen Sisili kuma su ne suka yi suna wajen cusa ta cikin kayan zaƙi. Shi kuwa gasa burodi a goga masa tafarnuwa a zuba man zaitun, tsohon abincin manomansu ne, burusketa suke ce masa. Buga rikota ta yi laushi a shafa a kai ya fi yaɗuwa a gidajen abincin Amurka, daga can ya shigo wayoyinmu.

Zan fara da abin da ya taɓa cin kuɗina.

Wata shekara da azumi wata Hajiya ta ba ni aikin kayan shan ruwa na mutum 40, ta ce tana son wani abu da ba a saba gani ba kusa da su samosa da ƙosai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Rikotar kanti tsada gare ta, ba kuma kullum ake samu ba, saboda haka na yanke shawarar yin tawa. Na shiga kanti na ɗauko madarar kwali lita 6, irin wadda ke shafe watanni a kan kanta ba firji. Na zuba a tukunya, ta yi zafi, na matsa lemun tsami, na tsaya ina jira ta tashi kamar yadda awara ke tashi. Shiru. Na ƙara lemun tsami. Ta yi wani gari-gari kamar kunun da bai dahu ba. Na sake ƙarawa, har ta koma abin da ko kare ba zai lasa ba. Da na juye a mataci rabi ya bi ruwa, abin da ya saura bai cika kofi biyu ba, ga tsami kamar tsamiya. La'asar ta yi, ina tsaye da azumi a bakina ina kallon lita 6 a kwata.

Daga baya na fahimci dalili. Madarar kwali mai daɗewa ana dafa ta ne da zafin da ya kai digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙu, don a kashe duk abin da zai lalata ta. Wannan zafin yana sauya sinadarin da ke sa madara ta dunƙule, sai ta riƙa yin tsaki-tsaki ƙanana waɗanda ba sa kama juna. Ko za ki matse bishiyar lemun tsami guda a ciki ba za ta ba ki abin da kike so ba. Ki nemi madarar shanu sabuwar tatsa, mai maiƙonta, ki tabbatar ba a sirka ta da ruwa ba. Idan daga ruga ta zo, ki tafasa ta tukuna saboda cututtukan da ɗanyar madara ke ɗauke da su, ki sauke ta huce na 'yan mintuna. Idan ba ki samu ba, madarar gari mai cikakken maiƙo da aka dama da kauri tana yi, ko da yake ɗanɗanon bai kai ba. Zafin da ake nema wajen digiri 85 ne: tururi na tashi, 'yan ƙananan kumfa sun jeru a bakin tukunya, amma ba ta ɓararraka. A kowace lita ni cokali biyu manya na ruwan lemun tsami nake sawa, wani lokaci uku idan lemun ba shi da ƙarfi. Ki juya sau ɗaya tak, ki kashe wuta, ki rufe, ki ba ta minti 10. Kada ki tsaya kina motsa ta kamar mai talge, kina wargaza abin da ke ƙoƙarin haɗuwa. Ba-Italiye zai ce wannan ba rikota ba ce tunda daga madara aka yi ta kai tsaye, kuma gaskiyarsa. Amma a kan burodi ba mai kai ki ƙara.

Kada kuma wata ta ce ai wara ce, bari ta saya a bakin kasuwa ta buga. Warar Fulani da tumfafiya ake ɗaure ta, kuma an dafa ta har ta yi danƙo, shi ya sa take jure suya. Idan kika buga ta tsakuwa-tsakuwa za ta yi. Cukun Nijar kuwa busasshe ne, nasa aikin daban. Haka idan kin je kanti kika ga an rubuta ricotta salata a jiki, ki ajiye: wannan an matse ta an yi mata gishiri ta daɗe tana bushewa, gogawa ake yi a kan taliya.

Kuskure na biyu shi ne wanda na fi faɗa a kansa, kuma a wannan ranar dai na tafka shi. Bayan asarar madara, na tura yaro ya zagaya gari ya samo min rikotar roba da tsadarta. Saboda sauri na buɗe na juye ta a blanda yadda take, da ruwan da ya kwanta a samanta da komai, na danna. Ta ƙi juyawa, na ɗan tsiyaya madara. Ta juya kuwa, ta zama kamar kindirmon da aka dama. Na ce ba komai, firji zai kama ta. Firji bai kama komai ba. Na shafa a kan burodi tun saura kusan awa guda a kira salla, na jera tumatir a kai, na rufe da leda, aka ɗauka a mota. Ko da aka buɗe a gidan Hajiya, burodin ya sha ruwa ya zama kamar wanda aka tsoma a shayi, idan an ɗaga sai ya karye a hannu. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Cikon kuɗina ban iya buɗe baki na tambaya ba, ita ma ba ta sake nemana ba.

Laifi uku na haɗa a faranti ɗaya, kuma duka ukun ruwa ne. Rikota, ta kanti ce ko ta gida, sai an tsane ta. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta, irin na tace koko, a cikin rariya, ki ɗora a kan kwano, ki juye ta ciki ki sa a firji aƙalla rabin awa. Ni idan ina da lokaci tun dare nake yi. Za ki yi mamakin ruwan da zai taru a ƙasa. Gwajina shi ne in ɗebo da cokali in kifar: idan ta ɗan tsaya kafin ta faɗo dunƙule, ta yi, idan ta zuba, da saura. Sai dai kada ki murɗe ƙyallen kina matsewa da ƙarfin tsiya kamar mai awara, za ta bushe ta ƙi laushi.

Sannan ku rabu da blandar markaɗen kayan miya, don Allah. Kofinta dogo ne, wuƙarta na ƙasa, ba ta iya jan abu mai kauri sai an ƙara ruwa, kuma ruwan nan shi muke gudu. Ga warin attaruhu da ba ya fita ko an wanke ta sau bakwai. Injin da ke da faffaɗan kwano ya fi dacewa, minti ɗaya zuwa biyu, ki tsaya a tsakiya ki kankaro gefe. Ni kam yanzu na koma hannu: ina danna ta cikin rariya mai ƙananan ido da bayan ludayi, sannan in buga da maburgin ƙarfe kamar minti uku. Wasu za su ce wahala ce. Su suka sani. Ni dai ba ruwana da ko an kawo wuta ko an ɗauke, kuma da hannu ina jin lokacin da ta isa. Alamar ita ce ta yi sheƙi, idan kin ɗaga maburgi ta bar ɗan tsini da bai faɗi ba. Daga nan ki tsaya. Duk bugun da kika ƙara sakin jiki zai sa ta yi.

Awona: rikota giram 250, man zaitun cokali ɗaya babba, gishiri kwatan ƙaramin cokali, gogaggen ɓawon rabin lemun tsami. Wannan zai shafe yanka 10 zuwa 12 ƙanana. Ɓawon na ce, koren saman kawai, farin cikin ɗaci gare shi. Ruwan lemun kuma ba na sawa ko ɗigo, ya riga ya yi aikinsa a tukunya.

Laifi na ukun shi ne haɗawa da wuri. Abin nan ba ya jira. Ki gasa burodinki daban, rikota na firji a rufe, kayan sama a nasu kwanon, sai baƙi sun zauna ki haɗa. Idan na kai wa wani ne, haka nake kai su a rarrabe, in ɗauki cokalina in haɗa a can. Wata ta taɓa ce min wannan ai ƙauyanci ne, shiga madafin mutane da kwanuka. Na ce mata na ɗanɗana wayewar, na san kuɗinta.

Burodi ma ana yawan faɗuwa a kansa. Namu na shan shayi mai sukari ne da laushi, yana ƙonewa kafin ya bushe, kuma zaƙinsa na faɗa da tafarnuwa. Ana son mai ɓawo, mai ɗan tauri. 'Yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram sun huta, dogon burodin Faransa na kowace kwana, shi ne daidai wannan aikin, wanda ya kwana ma ya fi. Ki yanka shi a karkace, kaurin ɗan yatsa. Ya fi haka siriri ya koma biskit ya farfashe a cizon farko, ya fi haka kauri baƙo ya yi ta fama da muƙamuƙi. Ki shafa man zaitun gaba da baya, ki sa a kasko mai zafi matsakaici, minti biyu kowane gefe, har ya yi ja da ɗan baƙi-baƙi a baki. Idan ba ki da sai burodin shayi, ki yanka ki bar shi ya sha iska ya ɗan bushe, ki gasa a wuta kaɗan-kaɗan, ki bar maganar tafarnuwa ki bi hanyar zuma. Kuma idan kin sauke kada ki tara su a kwano ki rufe. Tururinsu zai mayar da su inda suka fito. Ki jingina su a tsaye su sha iska minti biyu, don idan kika shafa rikota a kan burodi mai ƙuna narkewa za ta yi.

Tafarnuwa: a raba ƙwaya biyu a goga sau ɗaya a kan burodin yana da ɗumi. Ba a daka ta a zuba cikin rikota, za ta danne komai.

Gishiri: masu tsoronsa su ne ke cewa abin lami ne. Rikota ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi, gishiri ke tashinta. Ki ɗanɗana kafin ki shafa. Amma dunƙulen miya bai da gurbi a nan, na ga wadda ta marmasa, Allah ya shirye ta.

Tumatir: ki cire 'ya'yan, ki yanka ƙanana, ki barbaɗa gishiri ki bar shi a rariya minti 10 ya zubar da hawayensa kafin ya hau. Ɗoɗɗoya da hannu ake yaga ta, wuƙa na sa ta baƙi.

Man gyaɗa ko man ja a madadin man zaitun, a'a. Gara man shanu kaɗan a kasko.

Masu lodi kuma, ku ji tsoron Allah. Zuma, tumatir, zaitun, inibi, gyaɗa, albasa, duk a kan yanka ɗaya kamar motar kasuwa. Abu biyu sun isa, uku iyaka. Wanda na fi so shi ne zuma siririya da ɗan dakakken barkono da masoro. Italiyawa da kansu suna cin rikota da zuma, barkonon ne nawa. Da azumi kuwa dabino nake yankawa siri-siri in ɗora, in bi da ɗigon man zaitun da ƙwayar gishiri, maigidana da ke cewa shi ba ya cin abincin Turawa yanka biyar yake tashi da su. Wajen shafawa ki ɗora cokali guda cike, ki ja da bayan cokali ki bar ɗan kwari a tsakiya, nan zumar za ta zauna maimakon ta bi hannun baƙo har gwiwa.

Saura maganar zafi. Rikota ɗanyen cuku ne, ba ta da gishirin da zai tsare ta. Kada ta wuce awa biyu a waje, a zafin watan Afrilu irin namu kuwa awa ɗaya ma ya isa. Wadda kika yi a gida ki cinye ta cikin kwana biyu zuwa uku, a firjin da ke aiki da gaske. Idan an kwana ba wuta, ki zubar, kada ki tsaya sunsunawa kina lissafin kuɗin madara. Ruwan da ya tsane kuwa kada ki watsar, ni da shi nake kwaɓa fanke washegari.