Yadda Likita Zai Duba Marar Lafiya ta Waya Ba Tare da Ya Saɓa Doka ba

Likitan da zai duba marar lafiya ta waya ko ta bidiyo a Najeriya yana ɗauke da duk nauyin da ke kansa a asibiti, domin nisa ba ya rage masa komai daga ciki. Da farko ya tabbatar yana da rajista da hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma ya sabunta lasisinsa na shekara. Wanda ke aiki a Ingila ko Saudiyya kada ya ɗauka lasisinsa na can ya ishe shi rubuta wa mutumin Kano magani.

Kafin ya fara tambayar ciwo, ya san da wa yake magana. A gidajenmu sau da yawa wayar ta maigida ce ko ta babban ɗa, kuma shi ne ke isar da saƙo, alhali matar da ke fama da ciwon mara ba za ta faɗi gaskiyar abin da ke damunta ba muddin yana tsaye a kanta. Saboda haka likita ya nemi jin muryar marar lafiyar da kanta, ya tambaye ta ko akwai wani kusa, ya bayyana mata abin da ba zai iya ganowa ba sai ya duba ta ido da ido, sannan ya nemi yardarta ya rubuta. Ni a ganina a nan aka fi yin sakaci.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanin lafiyar mutum sai da izininsa a rubuce, ko bisa umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar za ta cutar da jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman. Don haka kada hoton ƙurji ko sakamakon gwaji da aka turo ta WhatsApp ya zauna a wayar da yara ke wasa da ita. A mayar da shi fayil ɗin marar lafiya, tare da ranar ganawa da shawarar da aka bayar.

Ciwon ƙirji mai tsanani, zubar jini ga mai juna biyu, jijjiga ga yaro da wahalar numfashi ba a jinyar su ta waya. Likita ya faɗi haka ƙarara, ya tura marar lafiya asibiti mafi kusa nan take. Haka kuma kada ya rubuta magunguna irin su tramadol ga mutumin da bai taɓa dubawa ba, komai naci da magiyar da aka yi masa.