Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lissafin Injin Matsattsiyar Iska

Yawancin masu haɗa ƙaramin injin da matsattsiyar iska ke juyawa sukan sha mamaki ranar gwaji, domin takarda ta yi musu alkawarin, misali, minti 13, amma injin ya mutu kafin a cika minti 2. Galibi injin ba shi da laifi, lissafin ne ya karkace.

A ɗauki tanki mai cin lita 50, irin na masu faci, wanda gejinsa ya nuna bar 8 (bar ma'aunin matsin iska ne), a haɗa shi da inji mai silinda ɗaya ta cc 50 (cc 1,000 ne lita ɗaya), wanda iska ke tura fistinsa sau 600 a minti da matsin bar 4.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar dukkan iskar tankin a matsayin mai amfani, a ce 50 sau 8, wato lita 400 na sakakkiyar iska, wadda ba a matse ba. Da zarar allurar geji ta sauko ƙasa da bar 4, ragowar iskar ba za ta riƙe injin a kan ƙarfinsa ba, don haka bambancin 8 da 4 kawai ake lissafawa, wato lita 200.

Na biyu ya fi wannan ɓarna. Mutum zai ninka cc 50 sau 600, ya sami lita 30 a minti, ya raba 400 da 30 ya sami minti 13, ya manta cewa iskar da ke shiga silindar a matse take. Geji kuma ba ya ƙirga nauyin iskar sarari, wanda ya kai kusan bar 1, saboda haka bar 4 na geji bar 5 ne a haƙiƙa. Ashe injin yana shan lita 150 na sakakkiyar iska kowane minti, lita 200 ɗin kuwa za su ƙare cikin daƙiƙa 80. Idan iska na tura fistin gaba da baya, sai a kusan ninka shan sau biyu.

Wajen ƙarfi, wannan injin ba zai wuce wat 200 a takarda ba, kuma gogayyar ƙarafa da yoyo za su zaftare wani kaso. Ana gano yoyo ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, a duba inda kumfa ke tashi.

Akwai kuma sanyi, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Iska na yin sanyi idan ta buɗe, matsinta ya ragu, har danshin cikinta ya iya daskarewa ya toshe bawul. Shi ya sa taragun cikin gari masu tafiya da matsattsiyar iska, ƙirar injiniya Mékarski, da suka fara aiki a birnin Nantes na Faransa a 1879 suke bi da iskar ta cikin tukunyar ruwan zafi kafin ta isa silinda.

A kuma kula da ma'auni, domin gejin da ke nuna psi, wani ma'aunin matsi na daban, sai an raba lambarsa da 14.5 kafin a sami bar.