Masu shirin tiriyatlon, ku haɗa keke da gudu

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai son shiga gasar nan ta iyo, keke da gudu, dan Allah kar ka riƙa raba atisayen kullum. A tsarin Olamfik iyo mita 1500 ne, keke kilomita 40, sannan gudu kilomita 10, kuma wahalar tana wajen sauka daga keken nan, ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura masu buhun gero, numfashi ya rikice. To sau ɗaya a sati, bayan sallar asuba tun rana ba ta yi zafi ba, ka tuka keke hanyar Madarunfa da ke kudu da Maraɗi, kana sauka ka sa takalmi ka yi gudun minti 15 ba tare da ka zauna ba. Ruwa da ɗan gishiri a gora, zafin Maraɗi ba wasa ba ne. Satin gasa kuma a rage atisaye sosai.