Darasi na Tara: Giwan Ruwa, Ƙugiya da Kwalekwale

Darasin yau na masunta ne, da duk wanda yake tunanin shiga sana'ar su. Kowa zai karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, sannan mu tsaya mu tattauna. Misalanmu daga tafkin Kainji muka ɗauko su. Tafkin ya samu ne a 1968, lokacin da aka datse kogin Kwara, ruwa ya taru tun daga Bussa har ya kai wajen Yauri. Amma mai su a Tiga ko Baga ko Argungu zai ga abin da ya shafe shi.

Fara sanin kifin

Giwan ruwa fari ne kamar azurfa, idonsa kuma yana ƙyalli idan haske ya doke shi. Yana iya kai tsawon mita 2, nauyinsa ya kai kilo 200, ko da yake irin wannan ya yi wuya yanzu. A bikin kamun kifi na Argungu na 2005, kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa kan sikeli.

Kifi ne mai cin kifi. Ba ya kula dusa, ba ya kula tuwo. Laɓewa yake yi, idan ƙaramar karfasa ko kawara ta gifta sai ya buɗe baki ya zuƙe ta. Saboda haka kada ka neme shi a fili. Neme shi inda akwai maɓoya: gindin duwatsu, bakin rafin da ke zuba cikin tafki, wurin da tudu ya gangara zuwa zurfi, da tsakanin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi dam. Da asuba da kuma la'asar sakaliya ne yake matsowa gefe farauta. Rana na takewa sai ya koma zurfi.

Ka kuma lura da launin ruwa. Kainji na samun cika sau biyu. Ta farko da damina ce, ruwan ya zo fari da laka. Ta biyu tana isowa da sanyi, wajen Disamba, ruwa ne da ya taso tun daga ƙasar Gini ya ratso Mali, ya baro lakarsa a hanya, ya iso garau. A ruwa mai laka kifi ba ya gani da nisa, sai ka kai masa abinci har bakin maɓoyarsa. A ruwa garau kuwa, kifi na ganinka mai jar koma. Ka tsaya nesa kaɗan, kada ka buga filafili a jikin jirgi.

Ƙugiya da zare

Abincin ƙugiya mafi kyau ga giwan ruwa shi ne ƙaramin kifi mai rai, kamar tsawon tafin hannu. Ka soka masa ƙugiya a leɓen sama, ko a baya ƙarƙashin ƙaya, a fatar nama kawai. Idan ka taɓa ƙashin baya zai mutu nan take, mataccen kifi kuwa ba ya motsin da ke jawo babba. Sa dalma daidai yadda zai nitse ba tare da ya kwanta cikin laka ba.

Kafin ka jefa, gwada kaifin ƙugiya a kan farcen babban yatsa. Idan ta kama farce, tana da kaifi. Idan ta zame, wasa ta da ɗan dutse. Sannan ka bi zaren da yatsu biyu, musamman kamu biyun da ke kusa da ƙugiya. Haƙoran giwan ruwa ƙanana ne, kamar tsakin yashi, amma suna cin zare a hankali. Duk inda ka ji kaushi, yanke ka sake ƙulli. Mutane da yawa suna cewa kifi ya fi ƙarfinsu, alhali zaren ne ya riga ya ji rauni tun jiya. Ka jiƙa ƙulli da yawu kafin ka ja shi ya tsuke. Inda kifin tsage ya yi yawa kuwa, sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya, domin haƙorinsa reza ne.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: kada wanda ya naɗe zare a hannu. Kawuna, wanda ya koya mini fatsa, yana da tabo zagaye da yatsunsa biyu har ya koma ga Allah. Wata safiya ce babban kifi ya fizga, zaren ya shiga nama har kusa da ƙashi. Duk ranar da ya ga na fara naɗawa sai ya miƙo mini hannun, ya ce, "Ɗana, duba nan. Naɗa a kan itace." Ka naɗe zarenka a guntun katako ko gwangwani, ka riƙe da tsumma.

Idan giwan ruwa ya kama, zai yi gudu, ya yi tsalle sama yana kaɗa kai don ya yar da ƙugiya. Kada ka yi masa jan ƙarfi, kada kuma ka bar zare ya yi sako-sako. Ya ja ka sakar masa, ya tsaya ka jawo, kana karkatar da shi daga kututture har ya gaji ya kwanta gefe. Wajen ɗaga shi, yi hankali da murfin kunnensa da ƙayar bayansa, suna yanka.

Akwai kuma kifin roba ko na katako mai ƙugiyoyi a ciki, wanda ake ja a bayan jirgi yana rawa kamar mai rai. A Amurka da irinsa ake kama wani kifi da suke kira bas, shi ma mai laɓewa ne ya ci ƙananan kifaye, kuma da yawansu don nishaɗi suke kamawa su sake shi. A tafkin Nasir na ƙasar Masar da manyan irinsa ake kama giwan ruwa. Yana aiki a ruwa garau, idan jirgi na tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa. Sai dai yana da tsada, kututture ɗaya kuma ya isa ya raba ka da shi. Ni dai shawarata, mai farawa ya ƙware da kifi mai rai tukuna.

Macen giwan ruwa ba ta fara ƙwai sai ta kai wajen santimita 60 ko fiye. Wanda ya kwashe ƙanana ya ci irin shukarsa. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da inci 3, ta kuma hana kama kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Gamalin, maganin ƙwarin nan da wasu ke zubawa a ruwa, ba kifi kaɗai yake kashewa ba, ruwan da 'ya'yanmu ke sha ne.

Sayen kwalekwale

Nan ne mutum ke zuba jarinsa duka, nan ne kuma aka fi yin gaggawa. Kwalekwale iri biyu ne a wajenmu: wanda aka fafe daga gungumen itace ɗaya, da wanda aka haɗa da katako da ƙusa, irin wanda ake ƙerawa a Yauri. Na gungume ba shi da mahaɗin da zai yi yoyo, amma yana da nauyi, kuma idan ya tsage gyaransa da wuya. Na katako ya fi faɗi da ɗaukar kaya, ana kuma iya cire katako ɗaya a sa sabo. Ka tambayi irin itacen. Maɗaci da kawo suna jure ruwa. Farin katako mai laushi yana da araha, amma araha ba ta ado.

Idan tsoho za ka saya, kada ka yi ciniki yana cikin ruwa. Ku jawo shi tudu, ku kife shi. Ƙwanƙwasa kowane katako da ƙotar wuƙa. Mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum. Danna tsinin wuƙa a mahaɗai da gindin ƙusoshi. Idan ta shiga ba wahala, itacen ya mutu. Ka yi shakkar sabuwar kwalta da aka shafa a wuri ɗaya kawai, ka tambaya me ke ƙarƙashinta. Bayan haka ku mayar da shi ruwa, ku shiga ku uku, ku zauna kamar awa ɗaya, ka ga ruwan da zai taru a ƙasa.

In kun daidaita, a yi cinikin a gaban Sarkin Ruwa ko wakilinsa da shaidu biyu. Ga inda karatunku zai yi muku rana: ka rubuta kwanan wata, sunan mai sayarwa, kuɗin da ka biya da abin da ya rage, kowa ya sa hannu. Haka ma idan haɗin gwiwa kuka yi da ɗan'uwa. Ku rubuta kason kowa, da wanda zai biya gyara, tun ana dariya.

Kula da kwalekwale ba wuya, naci yake so. Kwashe ruwa da laka kullum ka dawo. Kada ka bar shi a tudu cikin rana tsawon kwanaki, katako zai bushe ya ja jiki, mahaɗai su buɗe. Kowace shekara kafin damina a cusa auduga ko tsumma a mahaɗai, a bi da kwalta.

Inji: lissafi kafin sha'awa

Wani ɗalibi ya taɓa tambayata, "Malam, in na sa inji ba shi ke nan na huta ba?" Na ce mu yi lissafi a allo. Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya sa nasa. Da filafili ka kama kifin naira 9,000, ka ba yaron jirgi 3,000, saura 6,000. Da inji ka je nesa ka kama na 20,000. Fetur da mai sun ci 9,000, yaro 3,000, ka ware 2,000 don gyara. Saura nawa? 6,000. Ga kuma bashin injin a kanka. Ba cewa nake inji ba shi da amfani ba. Ga mai zuwa wurare masu nisa, ko mai haɗawa da ɗaukar kaya ranar kasuwa, yana fitar da kuɗinsa. Amma ka riƙe littafi na kwana 30 tukuna, kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, sannan ka yanke shawara.

Injinan da ake haɗa wa fetur da mai, irin Yamaha Enduro da aka saba gani a bakin ruwa, ma'auninsu lita 50 na fetur ga lita 1 na mai. Jarka mai lita 25 ke nan rabin lita take so. Sabon inji yana son ninkin man a awanni 10 na farko. Ka duba takardar da ta zo da naka, ka auna da kwalba, ba da ido ba. Tace fetur da ƙyalle mai tsabta. Da ka tayar, duba ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, wanda muke kira fitsarin inji. In babu shi, kashe nan take, injin ba ya samun sanyi. Kada ka tayar da shi a tudu ba ruwa. Ka riƙa tafiya da filogi ɗaya na ajiya, da sifana, da filafili biyu ko da injin sabo ne. A wurin kututture rage gudu, farfela ba ta da araha.

Rai

A watan Mayu na 2021, jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nitse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Kaɗan ne suka tsira. Lodi ya fi ƙarfinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jiragen fasinja tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Na san masunta da yawa na cewa sun iya iyo. Amma wanda raga ta naɗe wa ƙafa, ko gefen jirgi ya buge shi a ka, iyonsa ba ya cetonsa. Sa rigar, ka ɗaure igiyoyinta. Ka ɗaure jarka biyu marasa komai, a rufe, a cikin jirgi. Ka faɗa wa na gida inda ka nufa da lokacin dawowarka. Farkon damina, da ka ga hadari ya haɗu a gabas, naɗe zare ka nemi gaɓa, domin iskar na riga ruwan sama isowa.

Aikin gida

Idan kana da fetur lita 75, mai lita nawa za ka zuba? Rubuta amsar da lamba, ka kuma rubuta ta da kalmomi. Sannan ka ja layi biyu a littafinka, ɗaya "shiga" ɗaya "fita", ka cike su na kwana bakwai. Ka zo da shi mako mai zuwa, za mu duba tare.