Yadda ɗalibi zai ɗinka littafin rubutu da zane daga ragowar takardu

Duk ƙarshen zangon karatu ɗalibi yakan tsinci kansa da tulin takardu: na lakca da aka buga a fuska ɗaya, aikin gida da malami ya dawo da shi, littattafan da aka cika rabi aka bar rabi. Yawanci shara ake kai su, sannan a sake sayen sabon littafi. Alhali da allura da zare waɗannan takardun suna komawa littafin zane, ko na rubuta waƙa, ko na lissafin kuɗin da ake kashewa a mako. Sana'ar hannu ce da ba ta neman inji ko wurin aiki, tebur ɗaya da minti 40 sun isa, kuma hannu yana gogewa tun daga littafi na biyu ko na uku.

Abin da ake buƙata: takardu girman A4, basilla ko allura mai kauri, zare mai ƙarfi irin na ɗinkin maɓalli ko na takalmi, rula ta ƙarfe, reza ko wuƙar yankan takarda, fensir, guntun kyandir, maƙalin shanya biyu, da kwali mara kauri na bango, kamar tsohon fayil. Gam sai in za a lulluɓe bangon da ƙyalle.

Kafin komai, ware takardun gida biyu. Masu fari gaba da baya gefe guda, masu rubutu a fuska ɗaya gefe guda, domin ɗinkinsu ba ɗaya ba ne.

Takarda mai fari gaba da baya: ɗinki ta tsakiya

A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. In ka ninke ta biyu ta zama A5, wato 14.8 da 21, kuma kowace takarda ta ba ka shafi 4. Takarda 8 ke nan shafi 32. Kada ka wuce 8 zuwa 10 a ƙulli ɗaya in takardar irin ta injin bugu ce mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita. Da ka wuce haka littafin zai ƙi rufuwa, ya riƙa buɗe baki, shafukan ciki kuma su turo waje sosai.

Ninke su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su ka ninke a dunƙule. Haɗa kusurwa da kusurwa, ka danne tsakiya da yatsa, sannan ka goga layin da bayan rula daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa. Sai ka zura su cikin juna. Yanke bango ya ɗara takardar da milimita 3 ta kowane gefe. Kafin ka ninke kwali, ja layi a kansa da bayan wuƙa ko biron da tawadarsa ta ƙare, in ba haka ba zai tsage a wurin ninkin.

Yanzu huji. Yanko siririyar takarda mai tsawon santimita 21, ka yi mata alama biyar: ɗaya a tsakiya cif, biyu a nisan santimita 2 daga kowane baki, biyu kuma a tsakanin waɗannan da ta tsakiya. Wannan ita ce ma'auninka, ka ajiye ta don littattafan gaba. Buɗe takardun tare da bango, ka kama su da maƙalin shanya sama da ƙasa, ka ɗora ma'aunin a cikin ninki, ka huda. A nan aka fi yin kuskure. In ka shimfiɗa takardun a buɗe warwas, tsinin allura yakan zame ya fita ta gefen ƙashin bayan littafin. Riƙe su a rabin buɗewa, ka sa allurar ta bi lungun ninkin, za ta fita daidai kan layi.

Yanke zare ninki uku na tsawon littafin, kamar santimita 65. Ja shi a jikin kyandir sau biyu ko uku. Kakin yana hana shi harɗewa, yana kuma sa ƙulli ya zauna. Kada ka ƙulla ƙarshensa. Ƙirga hujin daga sama, 1 zuwa 5, ka bi wannan tsari:

Daga ciki ka fita ta 3, ka bar wutsiya ta santimita 6 a ciki. Shigo ta 2, fita ta 1, sake shigowa ta 2. Tsallake 3, ka fita ta 4. Shigo ta 5, sake fita ta 4, sannan ka shigo ta 3. Yanzu bakin zaren biyu suna ciki, ga kuma dogon zaren da ya tashi daga 2 zuwa 4. Tabbatar ɗaya yana damansa ɗaya yana hagunsa, ka ɗaure su a kansa sau biyu, ka yanke ka bar santimita 1.

Abu biyu ke ɓata ɗinki. Na farko, idan za ka sake bi ta hujin da zare ya riga ya shiga, allura takan tsaga zaren farko, daga nan ba zai ƙara jawuwa ba. Matsar da shi gefe da farce kafin ka soka. Na biyu shi ne yadda ake jan zare. Ja shi ta tsawon ninkin, sama ko ƙasa. In ka ja shi tsaye zuwa ƙirjinka, zai yanka takardar tsakanin huji da huji kamar reza.

Bakin shafukan ciki zai ɗan turo, wannan ba laifinka ba ne, kaurin takarda ne ke jawo shi. Rufe littafin, ka janye bango baya, ka danne rula da ƙarfi, ka bi da reza sau da yawa a hankali, kowane bi yana cire takarda biyu ko uku. Mai son yankewa a bugu ɗaya shi ke samun baki mai tsaga-tsaga. Reza kuma ta zama sabuwa, dakusasshiya jan takarda take yi. Sa kwali mai kauri a ƙasa saboda tebur, yatsunka kuma su tsaya a bayan bakin rula.

Takarda mai rubutu a fuska ɗaya: ɗinki ta gefe

Wannan ita ce ta fi yawa a hannun ɗalibi, kuma dabararta ta fi burgewa. Ninke kowace takarda biyu, rubutun yana ciki, farin yana waje. Kada ka zura su cikin juna, jera su ɗaya kan ɗaya, guda 15 zuwa 20. Ninkin zai zama bakin da ake buɗewa, ɓangaren da bakunan takarda suke a sake shi za a ɗinke. Ta haka rubutun ya ɓuya har abada, duk shafin da ka buɗe fari ne. Tsohuwar hanya ce da aka daɗe ana ɗinka littattafai da ita a Sin da Japan.

Sa kwali mai laushi gaba da baya, ka matse da maƙali. Ja layi a nisan santimita 1.2 daga gefen ɗinki, ka yi huji huɗu a kansa, na sama da na ƙasa su ma santimita 1.2 daga baki. Kaurin ya fi ƙarfin allura, don haka ƙaramar ƙusa da abin bugawa za ka yi amfani da su, a kan guntun katako. Zare ninki biyar na tsawon littafin. Ƙa'idar ita ce a kowane huji ka zagaya ƙashin bayan littafin sau ɗaya ka koma cikin hujin, a huji na farko da na ƙarshe kuma ka ƙara zagaya bakin sama ko na ƙasa. Fara daga huji na 2, ka gangara zuwa na 4, ka dawo kana cike guraben da ka tsallake har na 1, ka ƙare a na 2 ka ɗaure.

Aibinsa ɗaya: ba ya buɗewa ya kwanta. Ka bar kamar santimita 2 ta gefen ɗinki ba rubutu. Amma da yake kowane shafi ruɓi biyu ne, tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ba ta cika kaiwa shafi na gaba ba, don haka ya dace da zanen gwaji.

Bango da ƙyalle

Ragowar ƙyallen auduga, ko na tsohuwar riga, yana mayar da bangon kwali abin sha'awa, kuma ana yin wannan ne kafin ɗinki. Yanke shi ya ɗara kwalin da santimita 1.5 ta ko'ina. Shafa farin gam siriri a jikin kwali, ba a jikin ƙyalle ba, domin in ya yi yawa zai ɓullo ta gaba ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Yanke kusurwoyin ƙyallen a karkace, ka bar milimita 2 daga tsinin kwalin, ka naɗo gefunan ciki.

Kwalin zai lanƙwashe. Dalili shi ne ruwan da ke cikin gam yana kumbura fuska ɗaya, in ta bushe sai ta tsuke ta ja kwalin. Maganinsa ka manna takarda a fuskar ciki ma, ja ya yi daidai ta ɓangare biyu, sannan ka sa leda sama da ƙasa, ka ɗora manyan littattafai a kai har kwana ɗaya. Kada ka shanya shi a rana don sauri, lanƙwasar za ta ƙaru.

Game da abin zane: takardar giram 80 tana ɗaukar fensir, biro da fensir mai launi lafiya lau. Fentin ruwa kuwa zai sa ta yamutse, shi yana son takarda mai giram 200 zuwa 300. In kana son gwada shi ba tare da kashe kuɗi da yawa ba, sayi babbar takarda mai kauri guda ɗaya, ka yayyanka ta, ka ɗinka ƙaramin littafi mai takarda 4 kawai da ɗinkin tsakiya, domin mai kauri ba ta jure fiye da haka a ƙulli ɗaya.