Kurakuran da ɗaliban jiyoloji ke tafkawa wajen sunayen shimfiɗun dutse

'Yan uwa masu karatun jiyoloji a Jidda da Riyad da Zahran, musamman sabbin shiga, akwai abubuwan da ke ta cinye muku maki a rahoton fili ba gaira ba dalili.

Babba a ciki shi ne haɗa sunan dutse da sunan zamani. Fomeshan fa dutse ne da za ka taɓa da hannunka kuma ka iya bin sa ka zana a taswira, shi kuwa Jurasik ko Famiyan lokaci ne, kowanne da layinsa. Ku duba fomeshan ɗin Khuff, ya fara kwanciya a ƙarshen Famiyan ya zarce har cikin farkon Tirayasik, wato iyakar nan ta wajen shekara miliyan 252 a cikinsa ta ratsa, to in ka rubuta Khuff daidai yake da Famiyan ka yanke masa kai kenan. Gyaran mai sauƙi ne, ka fara bayyana dutsen, farar ƙasa ce ko yashi ko laka, kaurinsa nawa, me ke samansa me ke ƙasansa, sannan shekaru su biyo a layi daban tare da burbushin halittun da ka dogara da su.

Sai 'yan uwanmu da suka taso daga Sudan, su kam duk jan dutsen yashi Nubiyan ne a wajensu. Russegger, wani masanin jiyoloji ɗan Ostiriya, ne ya raɗa sunan tun 1837, aka yi ta cusa masa duwatsun zamani daban daban har ya zama kwandon kowa, yanzu a can ma Shendi, Omdurman, Gadarif ake cewa. A nan kuma na arewa Saq ne, daga Jabal Saq na Qasim, na kudu Wajid, kar launi ya ruɗe ka.

Kar kuma ka ƙirƙiro suna don ka ga wani tudu ya burge ka, sai da wurin asali da aka auna aka bayyana, kamar yadda fomeshan ɗin Hith ya samo nasa daga ramin Dahl Hith da ke kusa da Riyad. Gurup, wato tarin fomeshan, ya fi fomeshan girma, fomeshan ya fi memba, wato wani sashe na cikinsa, wannan ba sai an ja ba.

Wanda ya fi ban takaici shi ne Arab A, B, C, D, wato sassa huɗu na fomeshan ɗin Arab. Mutum sai ya ɗauka A ne tsoho tunda shi ne farko, alhali daga sama aka jero su yadda mai haƙa rijiya ke cin karo da su, D ne can ƙasa, shi ne ya riga kwanciya, kuma shi ne babban rumbun mai na filin man Ghawar. In za ka zana jerin, fara da D a gindin takarda, ka rufe da Hith a saman A.